Tarihi a Ajin Ƙananan Yara: Hannuwan da Ya Bi a Arewacin Nijeriya Tun Daga 1909

Idan ana maganar darasin tarihi a makarantun Nijeriya, shekarar da aka fi ambata ita ce 2007. A wannan shekara ce hukumar tsara manhaja ta ƙasa ta fitar da tsarin karatun shekara tara na farko, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, aka duba aka ga babu tarihi cikin jerin darussa. Tun daga sa'an nan marubuta a jaridu suke ɗora wa wannan shekara alhakin jahilcin da matasa ke ciki game da ƙasarsu. Zancen yana da ƙamshin gaskiya, amma ya gajarce. Yaron firamare a Kano ko Bida ko Yola ya rabu da darasi mai suna tarihi kusan shekara talatin kafin 2007, kuma ko a zamanin da darasin yake nan, abin da ake zuba masa a kunne ba kullum ne ya cancanci sunan ba. Tun da yanzu an mayar da darasin, ya kamata ɗalibai masu shirin zama malamai, da ma'aikatan da ke zaune a ofisoshin ilmi, su san irin hannuwan da ya bi, domin kowane hannu ya bar masa tabo.

Kafin zuwan boko, yaro Bahaushe ba ya zama a aji a ce masa yau za a yi tarihi, amma fa ba ya girma da kai wayam. Da dare kakarsa ko wata tsohuwa a gida takan tara su ta yi musu tatsuniya. Ita tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita: akwai kalmomin da ake buɗe ta da su, akwai kuma "ƙurunƙus" da ake rufe ta da shi. Yaro ɗan shekara biyar ya san duk abin da ya faɗo tsakanin waɗannan ƙofofi biyu ƙarya ce mai daɗi, Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zama a unguwarsu ba. Labari kuwa dabam yake. Shi a zaure ake jin sa ko a gindin bishiya, daga bakin dattawa, kuma akan jingina shi ga wani: wane ya gani da idonsa, ko wane ya ji daga bakin ubansa wanda aka yi yaƙin da shi. Wannan rarrabewa tsakanin tatsuniya da labari ita ce harsashin ilmin tarihi, ga shi kuwa yaro yana zuwa makaranta da ita a kansa, kyauta. Makarantar boko ta shekara ɗari da ɗoriya ba ta kula da wannan jari ba.

Ban da gida, akwai fada. Ranar hawan salla yaro kan ji maroƙa da makaɗa suna jero kakannin sarki, ana kirari ana busa, har sunayen su zauna masa ba da niyya ba. A makarantar allo karatun Alƙur'ani ne gaba, amma ƙissoshin annabawa da tarihin Manzon Allah suna shiga kunne, musamman a watan Mauludi. Shugabannin jihadi sun rubuta tarihin zamaninsu da Larabci: Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi Tazyinul Waraƙati a 1813. Waɗannan littattafan malamai ne. Wadda ta yi tunanin yadda labarin zai kai ga wanda bai iya Larabci ba ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara rayuwar Shehu da hijirarsa da yaƙe-yaƙensa a waƙe, aka san waƙar da Hausa da suna Waƙar Gewaye, kuma matan da ta naɗa jaji suna kai waƙoƙinta ƙauyuka ga 'Yan Taru. Abin da uwa ta haddace kuwa, ɗan da ke goye shi ne farkon mai ji. Ba a ce wannan tarihi na gida da fada ba shi da son kai ba. Maroƙi ba ya ambaton ranar da aka kori ubangidansa. Amma aƙalla da harshen yaron ake yin sa, kuma a kan ƙasar da yake takawa.

A 1909 Hanns Vischer, mutumin Switzalan wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa, a bayan ganuwar Kano. A lokacin, bisa ƙiyasin Turawa kansu, makarantun allo a Arewa sun kai kimanin 25,000, saboda haka makarantarsa ɗigon ruwa ce a tafki. Muhimmancinta yana cikin shawarar da ya yanke cewa da Hausa za a yi karatu, da baƙaƙen boko. Bayan ya bar Nijeriya Vischer ya zama sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila shawara kan ilmin Afirka, kwamitin da ya fitar da takardar manufa a 1925 mai cewa ilmi ya dace da halin mutanen ƙasa da al'adunsu. Manufar tana da fuska biyu. Ta kare harsunan gida, amma har wa yau ta yi daidai da bukatar mulkin En'e, wanda ke son magatakarda da malaman haraji masu biyayya ga sarki da Razdan. Da aka shiga shekarun 1930 aka raba karatu zuwa elementare mai aji huɗu, inda a yawancin larduna Hausa ce harshen koyarwa, da kuma midil, inda Turanci ke karɓar ragama.

Karatu da Hausa yana bukatar littattafan Hausa, ga shi kuwa babu su. Wannan ne ya haifi Hukumar Fassara, wadda aka soma a Kano aka mayar da ita Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1932 da 1933 hukumar ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, waɗanda aka fassara daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasa, cikinsu har da Tarihin Kano. Wannan aiki ya cancanci yabo fiye da yadda ake yi masa. Shi ne ya sa malamin elementare, wanda bai yi zurfi a Larabci ko Turanci ba, ya iya karanta wa yara labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, da zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, da gyare-gyaren Muhammadu Rumfa, cikin Hausa tsantsa. A daidai wannan lokaci wani jami'in ilmi mai suna T. R. Batten ya rubuta jagorar malamai kan koyar da tarihi da labarin ƙasa a elementare, aka fitar da ta Hausa a 1934 da suna Koyar da Labarin Ƙasa da Tarihi. Sunan kawai ya isa ya nuna cewa shekara tasa'in da suka wuce an ɗauki malamin ƙananan yara a matsayin wanda ya cancanci a yi masa littafin dabarun koyar da tarihi da harshensa.

Akwai kuma tarihin da ya shiga aji ta ƙofar baya. Gasar rubutun da East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu a kan tarihi suka tsaya. Ganɗoki na Bello Kagara ya fara ne da yaƙin Kwantagora da Turawa kafin ya lula duniyar aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa. Tsararraki na 'yan makaranta sun fara sanin abin da ake nufi da harin bayi da fataucin Sahara daga wannan ɗan littafi, kuma abin ya zauna musu fiye da kowane jerin shekaru da aka rubuta a allo, don kuwa akwai yaro kamarsu a ciki wanda suka ji tausayinsa.

To, amma littafi daban, abin da ake yi da shi a aji daban. Darasin da ya fi kowane shahara a firamaren Arewa, wanda har tsofaffi ke iya maimaitawa, shi ne na Bayajida: baƙo daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya iso Daura da dare, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Yara sukan rera su a jere, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Labarin yana da duk abin da ƙaramin yaro ke so, jarumi da dodo da sarauniya, ga kuma rijiyar tana nan ana iya zuwa a gani. Illar ita ce an ba da shi ba tare da "ƙurunƙus" ba, kuma ba tare da an jingina shi ga kowa ba. An tsame shi daga matsayinsa na hikayar fadar Daura aka mai da shi amsar jarrabawa. Yaron da ya zo daga gida da sanin bambancin tatsuniya da labari, a nan aka fara rikita masa shi.

Sa'an nan ga kashi na biyu na darasin, watau Banza Bakwai, waɗanda a jerin da aka fi sani su ne Zamfara, Kabi, Nufe, Gwari, Yawuri, Yarbawa da Kwararrafa. A aji ɗaya a Minna ko Kaduna ana iya samun ɗan Gwari da Banufe da Bayarabe a benci guda da Bakano. Malami ya rubuta a allo cewa kakanninsu "banza" ne, ya ce su kwafa, gobe kuma ya bulale wanda ya manta. Ko da an yi bayani cewa kalmar tana nufin waɗanda ba 'ya'yan matar aure ba ne a cikin hikayar, bayanin bai rage zafi ba, ƙari ma ya yi. Babba mai karatun jami'a yana iya ɗaukar wannan a matsayin shaida kan yadda wasu masarautu suka kalli maƙwabtansu a wani zamani. Ɗan shekara takwas ba shi da wannan garkuwa.

Turawa sun so labarin Bayajida domin ya yi daidai da ra'ayin da suka zo da shi, cewa duk wani tsarin mulki da aka tarar a ƙasar baƙar fata wani baƙo ne ya kawo shi daga gabas ko arewa. H. R. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano zuwa Turanci a 1908 kuma ya riƙe mulkin lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930, ya ƙare rayuwarsa yana neman asalin kowace ƙabila a wajen ƙasarta. Shi ne kuma ya ƙirga shekarun sarautar sarakunan Kano da baya-baya har ya fitar da 999 a matsayin farkon sarautar Bagauda. Wannan lamba ta shiga littattafan makaranta kamar an sassaƙa ta a dutse, alhali lissafi ne da aka gina kan littafin da masana da dama ke ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi.

Da yaro ya matsa gaba ya shiga karatu da Turanci, sai tarihin ya sauya fuska ɗungum. A nan ne ake haɗuwa da Mungo Park, wanda aka ce shi ya gano kogin Kwara a 1796, ya kuma halaka a Busa a 1806, da 'yan'uwan nan biyu masu suna Lander da suka bi kogin har teku a 1830. Yaran Yawuri, waɗanda iyayensu ke su a kogin tun fil azal, su ma haka suka rubuta a jarrabawa. Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Bello, Barth ya zo Kano a 1851, mutanen ƙasa suka san su da Abdullahi da Abdulkarimu. A littafin makaranta baƙin ne ke da labari, masu masauki kuwa ba su wuce shimfiɗa ba, ko da yake Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasar da bayanin al'ummominta, watau shi ne malamin a wannan ganawa. Ranar 24 ga Mayu kuma a fito fili a yi fareti na Ranar Daular Ingila.

Wata matsala da ba Turawa kaɗai suka jawo ta ba ita ce ta wane ne ke ba da labari. Jihadin 1804 shi ne babban al'amari a tarihin wannan yanki, kuma a makarantun En'e daga bakin waɗanda suka ci nasara aka ji shi, tun da su ke riƙe da fada. Amma akwai sauran bakuna. Sarakunan Haɓe na Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, wadda iyakar Turawa ta jefa cikin ƙasar Nijar, inda jikokinsu suka koyi tarihi da Faransanci. Na Zazzau sun yi kudu, aka kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja yanzu. Kabawa a Argungu sun yi ta gwabzawa da Sakkwato har zuwan Turawa, sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, ziyarar da ake danganta farkon bikin kamun kifi da ita. Ga kuma mutanen tsaunukan Filato da kudancin Zariya waɗanda abin da kakanninsu suka riƙe game da wancan ƙarni shi ne gudun mahara. Duk waɗannan 'ya'yansu suna zaune a firamare. Manhajar da ta ba da labari ɗaya tak ta sa rabin ajin yin shiru, su koma gida su ji wani labari dabam, su yanke cewa na makaranta na cin jarrabawa ne kurum.

Shekarun 1950 sun zo da alamun sauyi. Hukumar NORLA a Zariya ta buga tarihi da 'yan ƙasa suka rubuta da Hausa: Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, Zuwan Turawa Nijeriya ta Arewa na Abdulmalik Mani. A Ibadan, Kenneth Dike da abokansa suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya a 1955. H. F. C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a 1970 kuma ya buga maƙalarsa kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Ya nuna cewa hikayar baƙo ba ta bayyana kome game da asalin waɗannan dauloli, abin da ya kamata a bi shi ne yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, birni ya mallaki ƙasa. Binciken ƙarƙashin ƙasa ya goyi bayansa, don an sami shaidar narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin lokacin da aka ba Bagauda. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya a kan Katsina.

Wannan sabon sani bai sauko firamare ba. Masanan da Turanci suka yi rubutu, domin junansu da ɗaliban jami'a, suna fama da Turawan da har a 1963 ke cewa Afirka ba ta da tarihin da za a koyar. Yaƙi ne da ya wajaba a yi, kuma sun ci shi. Amma babu wanda ya zauna ya yi wa malamin aji uku sabon Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Kafin a farga, ɗakin da za a sa kayan ma an rushe shi.

Abin da ya rushe shi shi ne darasin Zaman Jama'a. Daga Amurka tunanin ya zo, aka fara gwada shi a makarantar Aiyetoro a Jihar Yamma a shekarun 1960, sa'an nan taron da ƙasashen Afirka suka yi a Mombasa ta Kenya a 1968 ya amince a haɗe tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa su zama darasi guda. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja a Legas, wanda daga shawarwarinsa Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta fito. Ba a rasa hujja ba. Ƙasar da ta ga inda ƙabilanci ya kai ta tana da dalilin tsoron darasin da ke koya wa kowane yanki jaruntakar kakanninsa a kan maƙwabta. Kuma tsarin sabon darasin ba wauta ba ne: a fara da iyali, a fita unguwa, a je gari, a kai jiha, a ƙare da ƙasa. Abin da ya ɓace a ciki shi ne lokaci. An koya wa yaro mene ne kasuwa da amfanin kasuwa, ba a gaya masa cewa kasuwar Kurmi ta girmi Nijeriya da ɗaruruwan shekaru ba. Tarihi ya koma babi guda na jarumai, inda Sarauniya Amina da Shehu Usmanu da Herbert Macaulay suke jere kamar hotuna a bango, ba a san wa ya riga wa ba.

Sai kuma ga shirin ilmin firamare kyauta na 1976. An yi shirin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, kimanin miliyan 3 suka zo. Aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa, aka tura aji waɗanda ba su gama koyo ba. Malamin da ke gaban yara tamanin, ba littafi ba taswira, abin da zai iya shi ne ya rubuta ma'ana a allo a rera. Da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, Zaman Jama'a ya mamaye ƙaramar sakandare ita ma, tarihi ya koma darasin zaɓi a babbar sakandare, inda darasin Gwamnati ya janye masa ɗalibai domin an ce ya fi sauƙin ci. Da ɗalibai suka ragu, masu karanta tarihi a kwalejojin horon malamai suka ragu, da malamai suka ƙaranta kuma aka kafa hujja da ƙarancinsu. Manhajar 2007 gawa ta tarar ta yi mata sutura.

Akwai wata hujja ta ilmi da ta taimaka wajen korar tarihi daga ƙananan azuzuwa, kuma ya kamata a dube ta, domin har yanzu tana yawo a ofisoshi. A shekarun 1960 wasu masu bincike a Ingila, mabiya ra'ayin Piaget, sun ce yaro ba ya iya tunanin tarihi na sosai sai ya kai wajen shekara goma sha shida, tun da ƙaramin yaro bai san nisan ƙarni ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗan aji biyu ba ya jin bambanci tsakanin 1463 da 1804, duka "da" ne a wurinsa. Amma Jerome Bruner a Amurka ya riga ya yi jayayya tun 1960 cewa kowane fanni ana iya koyar da shi ga kowane yaro ta siffar da ta dace da shekarunsa ba tare da an yi masa ƙarya ba. Ita Ingilar kanta, da ta tsara manhajar ƙasa, ta wajabta tarihi tun daga ɗan shekara biyar a 1991, kuma abin da ake farawa da shi shi ne sauye-sauyen da iyaye da kakanni suka gani da idonsu, da tsofaffin wuraren da ke kusa da makaranta.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda mutane suka saba ƙirga shekaru da aukuwa. Tsoho yakan ce an haife shi shekarar yunwar 'Yar Gusau, watau 1942, ubansa kuwa ya ga Kakalaba ta 1914, kakansa ya ga isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Wani ya yi aure shekarar zuwan Sarauniya, 1956, wani ya fara aiki shekarar canjin hannu, 1972, ko ta canjin kuɗi, 1973, ko ta Udoji. Yaron da aka aika gida ya tambayi kakarsa da wane kuɗi aka biya sadakinta, ya dawo aji da anini mai huda a tafin hannu, aka jera shi tsakanin wuri da naira, ya riga ya kama ma'anar kafin da bayan, ya kuma taɓa shaida da hannunsa. Idan kakanni biyu suka saɓa a kan shekarar da aka gina masallacin garin, ya gamu da matsalar da manyan masana ke fama da ita. Ganuwar Kano da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, hasumiyar Gobarau a Katsina, Hubbare a Sakkwato, duk littattafai ne a buɗe, kuma kowane ƙauye yana da kufai ko tsohuwar rijiya ko kukar da aka san wanda ya fara zama a gindinta. Ko labarin jirgin ruwan Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987 a ƙasar da ke cikin Jihar Yobe yanzu, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000, labari ne da ɗan aji uku zai saurara baki buɗe, ya kuma tambayi yadda aka san shekarunsa. Bayajida ma ba a ce a kore shi ba. A ba da shi da sunansa na gaskiya, a ce ga abin da mutanen Daura ke faɗa, a tambayi yara wane sashe ne ya yi kama da tatsuniya, wane ne ake iya zuwa a gani.

Ƙungiyar Masana Tarihi ta daɗe tana matsa wa gwamnati, har Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta yarda a ware tarihi daga Zaman Jama'a. A 2018, zamanin Minista Adamu Adamu, aka ƙaddamar da sabuwar manhajar tarihi ta firamare da ƙaramar sakandare. A Nuwamba 2022 aka yi bikin mayar da darasin, aka ce an zaɓi malamai 3,700 da za a horar, ɗari-ɗari daga kowace jiha da Abuja. A Satumba 2025 aka sake ba da sanarwa cewa tarihin Nijeriya wajibi ne daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Yawan sanarwar kansa yana nuna nisan da ke tsakanin takarda da aji.

Maganar harshe kuwa ta koma baya. Manufar 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin. Gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turancin. A 2022 gwamnati ta amince a yi firamare duka da harshen uwa, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa daga farko har ƙarshe. Lissafi yana iya lallaɓawa da alamomi, amma tarihin ƙananan yara labari ne da tambaya da amsa, kuma ɗan shekara shida a Gumel ko Illela ba zai tambayi kakarsa da Turanci ba, ba kuwa zai yi wa malaminsa gardama da shi ba. Abin da zai iya yi da Turanci shi ne hadda, watau dai abin da aka yi da Mungo Park. Makarantun firamare na gwamnati a Nijeriya sun haura 60,000, saboda haka ko an horar da malaman nan 3,700 duka, an kuma tura kowannensu firamare, makaranta ɗaya cikin goma sha shida ce za ta sami guda. Sauran za su dogara ga malamin aji da abin da ke hannunsa, kuma a ƙasar Hausa littafin da ya fi kusa da hannunsa har yanzu shi ne wanda Hukumar Fassara ta yi a 1932, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya sake bugawa da suna Hausawa da Maƙwabtansu.